Zanar da Ke Tsakanin Magina

Idi, jawo benci nan cikin inuwa, ka bar cika kana batsewa. Ku ma ku matso. Na ji abin da ka faɗa jiya a bakin magazan ɗin kayan aiki, don muryarka ba ta san sirri ba. Ka ce jarrabawar zama shef, wato shugaban magina, wulaƙanci ce, wai an kafa muku zana tsakani kamar awakin da ake tsoron su faɗa gonar maƙwabci, wai an ɗauke ku ɓarayin aiki. Ka ƙara da cewa aikin ma me ke cikinshi in ba ɗora dutse bisa dutse ba. To, ni na san ranar da anka fara kafa zanar nan a Gaya, don ina cikin waɗanda anka kafa ta dominsu. Kuma ba don sata ba ne. Da sata ce, da abin ya zo da sauƙi.

Amma bari in fara da dutsen, tunda shi ka raina.

Dalo na farko da na sa wa hannu yana kan hanyar Karakara, bakin wata ƙorama da in ka gan ta da rani sai ka ce turbar jakuna ce. Dalo dai kun san shi, ɗan kadarkon nan da ake yi wa ruwa ya bi ta ƙarƙashin hanya ya bar mota ta wuce. Can mahaifina ya kai ni ya danƙa ni hannun Baba Arzika, wanda a lokacin duk wani ginin dutse na kirki tsakanin Gaya da Zabori hannunshi ne. Na zo da zumuɗin riƙe cokalin gini. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini tulin marmara, ya ce, "Je ka gaishe su." Na ce, "Wa, Baba?" Ya ce, "Duwatsun. Kowane yana da fuska, yana da baya, yana da mazauni. Ranar da ka daina miƙo mini dutse yana ba ni baya, sai mu yi maganar cokali." Rani guda cur na yi ina juya duwatsu. In na miƙa mishi wanda bai dace ba, ba ya faɗa, ba ya zagi. Ajiye shi kawai yake yi a gefen ƙafata, ya ci gaba da buɗe tafin hannu yana jira. Da na ga tulin da ke gefen ƙafata ya fi wanda ke cikin bango, na gane ba dutsen ke da taurin kai ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa, buhu guda ya ɗauke su. Cokali, guduma, igiyar sahu, nibo mai ɗigon ruwa a ciki, sai dalma, wadda ake sakowa da zare a ga ko bango ya tsaya tsaye ko ya fara ruku'u. Dalmar Baba ta sha hannu har ta yi santsi kamar ƙwan zabo. Kuma yana da wata ɗabi'a da za ku riƙe mini ita sai an jima: duk dutsen da ya zaunar, sai ya buge shi da gefen cokali sau biyu, ƙwas-ƙwas, kamar yana ce mishi zauna nan, kar ka motsa. Kowane magini yana da bugunshi, amma na Baba ko cikin kasuwa ka ji shi ka san shi.

Masu aikinmu kuwa iri-iri ne. Akwai direbobin kamyo, manyan motocin kaya, da ke tsayawa suna yi mana tsiya wai mun tare hanya, su ne kuma masu kawo mana goro in damina ta wuce ba su kwana a caɓi ba. Akwai masu jakunan gishirin Foga, waɗanda jakinsu ba ya taka sabon dalo sai ya gama shawara da kanshi. Akwai maigari da zai zo ya ce a ɗan matsar da bakin dalon kar ruwa ya nufi gonarshi, a nufar da shi gonar ƙanenshi. Amma babban mai duba aikin, ruwa ne. Ruwan Gaya ba irin na Agadas ba ne da ke zuwa da sallama. Nan in ya sauko, laifin da ka ɓoye a tsakiyar bango tun watan sanyi sai ya je ya same shi.

Yanzu ga abin da ku ba ku tarar ba. A wurin Baba, da duk wurin maginan ƙasar nan na lokacin, yaro ba ya wuce maigidanshi a sahu. In yana sahu na uku, kai kana na biyu. Asalin abin ba ladabi ba ne, aiki ne: shi ke ɗaga kusurwa, daga kusurwarshi ake jan igiya, in ka riga shi hawa to igiyar wa ka bi? Amma da anka daɗe ana yi, sai ya bar kai ya koma hannu. Ko ba bango ɗaya kuke ba, ko yana wancan gefen hanya kana wanga, ido na satar kallonshi, hannu na jira. Ba wanda ya taɓa ce mana doka ce. Shi ya sa ta fi doka ƙarfi.

Na yi yawo bayan haka, kun sani, tunda ba ku raba ni da sunan Mamman Kandi ba. Na yi gini a Kandi da Paraku, na haura Kamba na yi Birnin Kabi, na yi Damagaram, na je Agadas inda siminti ke bushewa kafin ka gama bisimilla. A Paraku na ga yaro ya wuce maigidanshi da sahu biyu yana fito, maigidan ma murna yake yi. Saura kaɗan cokali ya faɗi daga hannuna. Can hannuna ya yi sauri, don masu aikin can ba su biyan ladabi. Amma da na dawo gida na tsaya kusa da Baba, sai hannun ya tuna gida, ya koma tafiyar hawainiya ba tare da ya shawarce ni ba.

Sai ga mummunar shekarar. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, Nasaran da ke riƙe da shantiye, wato wuraren aikin gini, suna ta naɗe kaya, aiki ya yi yawa, masu duba shi sun yi kaɗan. Wani tasharo, irin masu ɗaukar aiki a dunƙule su nemo magina masu araha, ya yi dalo kusa da garin Bana. Ba zan faɗi sunanshi ba, jikokinshi na gaishe ni. A ido, aikin ba laifi, har an shafe shi da farar ƙasa. Ruwan tsakiyar damina ya zo ya kwantar da bangon fiffike ɗaya, irin mai tare ƙasa a gefen bakin dalo, ya cinye hanyar, ya bar rami. Kamyo sunka yi layi ta kowane gefe. Albasa ta ruɓe cikin buhuna har mutanen Bana sunka daina cin abinci a waje. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma sunan magini ya zube. Yara in sun gan mu da buhun kayan aiki sai su ce ga masu ginin tuwo.

Daga sama anka aiko da magana: daga yau ba mai riƙe shantiye sai mai takardar jarrabawa. In a cikin maginan Gaya ba wanda ya samu, za a kawo shef daga Yamai, shi kuwa da maginanshi zai zo, mu sai dai mu koma manebur muna ɗaukar musu kwanon kwaɓi. Kafin a yi jarrabawar kuma anka tsayar da komai. Na je Zabori ina yi wa mutane yaɓen rumbu ana ba ni hatsi. Hima, abokin aikina Bazabarme wanda munka tashi tare a hannun Baba, ya koma kogi kamun kifi, shi da jirgi bai taɓa shiri da cikinshi ba. Baba ya zauna ƙofar gida yana gyaran ƙotar guduma da ba abin da ya same ta.

Da kaka ta wuce Injiniya ya iso. Saurayi ne siriri, ɗan ƙasa, ya yi karatunshi a waje, yana da agogo da wani fensir da ba ya barin bayan kunnenshi. Kafin ya sauka daga mota gari ya gama yanke mishi hukunci: 'yan lekol masu karatun boko zai ba takardar, mu da ba mu da faransanci sai na zagi da na gaisuwa mun faɗi tun ba a fara ba. Ku ma haka kuke cewa yanzu, na lura, sai dai ku kun ce 'yan Yamai zai ba. Maganar ba ta tsufa.

Ranar farko tambayoyi ne. Ya ce kowa ya amsa da harshen da uwarshi ta yi mishi faɗa da shi, Hausa, Zabarmanci, Dandanci, duk yana ji. Wanda bai iya rubutu ba ya zana a ƙasa. Sai munka ce to, sauƙi ya samu. Ashe harshen ne kaɗai mai sauƙi. Ya shimfiɗa pilan, zanen dalo a takarda, ya ce in nuna mishi inda ruwa ke shiga da inda yake fita, da abin da zai faru in gindin mafita ya fi na mashiga tudu da faɗin yatsa. Ya ce in an ba ni yashi mai laka me zan yi, na ce in wanke shi, ya ce in kogi na nesa fa, kuma kumandan mai mulkin gari na tsaye yana jiran hanya? Ya kwashe mu a kamyo ya kai mu ramin Bana, ya ce kowa ya faɗi abin da ya kashe bangon. Wani ya ce siminti ya yi kaɗan, wani ya ce tushe. Baba ya tono kwaɓin da farce ya ce duka biyun gaskiya ne. Injiniya ya ce haka ne, amma akwai na uku, ya zagaya da mu bayan bangon ya nuna mana ƙasar da ta sha ruwa ta kumbura. Ba a bar wa ruwan ƙofofin fita a jikin bangon ba, shi ya sa ya tura shi gaba ɗaya. Mu muna barin irin ramukan nan in mun ga dama, shi ya nuna mana inda ya wajaba a bar su da dalili. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaron nan ba banza ya tsufar da wando a benci ba." A wurin Baba wannan lambar girma ce.

Tambayoyin sunka zubar da mutane da dama, har da 'yan lekol biyu da munka ɗauka an riga an rubuta musu takarda. Munka rage Baba, da ni, da Hima, da wasu yaran Baba, sai 'yan Doso da sunka zo tare da mu gwada sa'a.

Kashegari aikin hannu, a filin nan na bayan magazan inda za ku yi naku. Kowa da tulin marmara, da yashi, da siminti, da manebur mai kwaɓa mishi. Kowa an kafa mishi turke da jan fenti daidai ƙirji. Za ka ɗaga bangon fiffike mai kusurwa daga fitowar rana, in ladan ya kira azahar a ajiye cokali. Wanda bangonshi bai kai ja ba ya faɗi, komai kyanshi. Wurin Baba ya faɗo a tsakiyarmu.

Abin da ban gaya muku ba, wuyan hannun Baba na dama ya fara sanyi tun 'yan shekaru. Idonshi na nan, dutse bai taɓa ruɗinshi ba, amma ɗagawa da zaunarwa sai a hankali. A shantiye ba wanda ya lura, tunda kowa tafiyarshi yake bi. Ranar nan ma haka. 'Yan Doso sunka kama hawa kamar ana korarsu, mu kuwa yaran Baba muna nan jere, kowa sahu ɗaya ƙasa da nashi, kamar an ja mana layi. In na gama sahuna na ga bai ɗaga ba, sai in kama goge cokali. In goge shi ya yi ƙyalli, in sake kwance igiya in ɗaure. Hima kuwa ya ɓatar da dalmarshi da gangan yana nema, alhali tana cikin aljihunshi tana jan wandon ƙasa.

Da hantsi Injiniya ya zo ya tsaya bayana.

"Mamman, ba ka da lafiya ne?"

"Lafiya lau, mushe," na ce, don haka ake cewa malam da faransanci.

"Dutsen nan da ke hannunka, ka juya shi har ya fara jiri."

"Ina neman fuskarshi ne, mushe."

"Ka same ta tun ɗazu, na gani. Ta gaishe ka ma."

Ya ja baya ya dubi bangonmu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi na Baba, ya cire fensir daga kunne ya mayar. Ya kira Hima. Hima ba ya iya riƙe magana, ko ta wani ce.

"Mushe, ai ba a wuce Baba."

"Wa ya hana?"

"Ba wanda ya hana. Ba a yi ne kawai."

"Ko da za ku faɗi duka?"

Hima ya sosa ƙeya ya ce, "To, in mun faɗi tare da shi, ai ba mu faɗi da nisa ba."

A ƙa'ida, da ya bar mu munka kai azahar, ya rubuta mana faɗuwa gaba ɗaya, ba mai cewa ya yi zalunci. Amma sai ya tsayar da mu, mu 'yan Gaya kaɗai. Ya ce, "Ni ma a gidanmu ba na sa hannu a akushi sai baffana ya sa. Na san abin da kuke yi. Amma hannunku anka aiko ni in auna, tun safe kuwa ladabinku nake aunawa, shi kuma ba ya tare ruwa." 'Yan Doso sunka fara gunaguni wai za a ba mu dama biyu. Ya ce su ci gaba, aikinsu na yau shi ne nasu, ba mai taɓa shi. Mu kuwa a rushe namu, gobe a sake daga tushe, da sabon dutse da lokaci iri ɗaya, kuma in an faɗi gobe an faɗi ke nan. Ya aika kasuwa anka kwaso zana, anka kafa tsakanin wuri da wuri, doguwa, ta fi tsayin mutum.

Da la'asar muna wanke kaya, Baba ya ce ba tare da ya dube mu ba, "Ni na ce ku jira ni?"

Munka ce, "Ba ka ce ba, Baba."

"To gobe kowa ya yi gabanshi."

Munka ce, "To, Baba."

Ya ɗago ya dube mu. Ya san irin wannan "to" ɗin, shi ya koya mana ita. Da ya ba da baya Hima ya matso kusa da ni ya ce, "Zana ido take tarewa, ba ta tare kunne. Ƙwas-ƙwas ɗin tsoho na nan. In ka ƙirga bugu ka san sahunshi." Na ce haka ne. Kun ga irin hankalinmu. An kafa mana zana don a cece mu, mu kuwa tun ba a kwana ba mun samo ƙofar komawa rami.

Da safe kowa ya shiga ɗakinshi na zana. Ba ka ganin kowa sai manebur ɗinka da turkenka da sama. Injiniya ya ce a fara. Na shimfiɗa tushe, na kasa kunne. Can na ji ƙwas-ƙwas, sannan shiru, sannan ƙwas-ƙwas, tafiyar da na sani. Na bi ta a baya a natse. Rana ba ta yi wani nisa ba sai na ji tazarar ta fara raguwa. Kafin in zaunar da dutse ɗaya na ji bugun duwatsu biyu. Na ce a raina tsoho ya samu duwatsu masu sauƙin kai. Na ƙara hannu. Shi ma ya ƙara.

Ta cikin zana na ji muryar Hima ƙasa-ƙasa, "Mamman, me tsohon nan ya karya da shi?"

Injiniya ya ce daga can, "Ba magana."

Daga nan ban sake tunanin kowa ba, don wanda ke bin maigida a baya ba ya so kuma a ba shi rata mai yawa, ita ma abin kunya ce. Hannun Paraku ya dawo. Ido na kan tuli, kafin in zaunar da wanga na riga na zaɓi na gaba da na bayanshi. Manyan a kusurwa, a sarƙe, dogo ta nan, dogo ta can. Kowane sahu in saki dalma in ga zaren ya yi daidai da baki. Na sa guntayen kara inda ƙofofin ruwa za su zauna, in ɗora in zare. Na cika tsakiya da ƙananan duwatsu, ban zuba kwaɓi kawai in rufe ido ba, don na san Injiniya zai iya zare dutse ya leƙa. Manebur ɗina, wani dattijo daga Bana mai kiran kowane magini maso, ya ce, "Maso, ka bar ni in sha ruwa." Na ce ya sha da hannu ɗaya. Ƙwas-ƙwas kuwa bai tsaya ba, sai ma ƙaruwa, har na fara jin haushin tsohon: shekara da shekaru ashe yana da wannan hannu yake jan mu a ƙasa.

Na ɗaga kai na ga jan fenti ya koma ƙarƙashin sahuna. Na kai. Bugun na ci gaba, na ce to Baba ya wuce ja yana yi wa bango hula. Na kama gyaran bakin kwaɓi tsakanin duwatsu, ina cikin yi ladan ya ɗaga murya.

Anka kwance zana.

Baba na zaune bisa kwanon kwaɓi da ya kife, ƙafafu a miƙe, da wani dutse guda tsakaninsu. Fuskar dutsen ta yi fari fat, ta ɓarje, garinta ya rufe mishi yatsun ƙafa. Bangonshi kuwa yana nan daidai gwiwa. Ban taɓa ganin sahu masu kyan waɗannan ba, amma daidai gwiwa. Tun hantsi ya daina gini, ya zauna yana bugun dutse ɗaya, yana kora mu kamar mai kiɗan noma.

Hima ya dubi dutsen, ya dubi Baba. Sannan ya ce, "Baba, saura kaɗan ka kashe ni."

Baba ya ce, "Da ka mutu da cokali a hannu, da an ce Bazabarme ya taɓa yin aiki."

Injiniya ya ga komai tun farko, tunda shi ke zagayawa. Daga baya na tambaye shi me ya sa bai hana ba. Ya ce ya duba ƙa'idarshi, ba inda anka hana mutum bugun dutsenshi.

Sai ya kama duba aiki, kuma nan ne za ku san ko jarrabawar nan tana da sani ko sabo. Ya saki dalma a kowace kusurwa. Ya ɗora nibo. Ya sa anka tara ƙasa bayan kowane bango anka kwarara ruwa, ya tsuguna yana jiran ya ga ta ina zai fito. Ya sa guduma ya zare dutse ɗaya daga tsakiyar nawa, ya tura hannu cikin ramin har gwiwar hannu yana lalube. Ya zare hannu ya wuce. Bangon Hima ya kai ja, amma garin gudu kusurwarshi ta ɗan leƙa waje, zaren dalma ya bar ta da faɗin ɗan yatsa. Hima ya faɗi jarrabawar, sai shekarar da ta biyo ya samu. Cikin 'yan Doso ɗaya ya tsira. Cikin 'yan Gaya, ni.

Da ya zo kan na Baba ya daɗe. Ya saki dalma duk da ya san ba ta da abin faɗa. Sannan ya cire hula ya ce, "Baba, ba bangon da ya kai naka kyau a filin nan. Amma bai kai ja ba. Ba zan iya rubuta maka ba."

Baba ya ce, "Da ka rubuta, da na raina ka. Tun jiya na gwada hannuna da agogonka na ga ba za su shirya ba. Na ce tunda ba zan kai ba, bari in kai wani."

To Idi, ka ce jarrabawa ba ta da adalci. Ni na ga ta kayar da maginin da ya fi kowa a ƙasar nan, a gaban yaranshi, shi kuma ya ce daidai ne. Don shef ba kyan hannu kaɗai ake nema gare shi ba. Damina ba ta jiran kowa ya gama zaɓen dutse, in ta zo ta tarar da dalo a buɗe, kyan rabin da ka gina ba ya hana ta ɗaukar hanya. Tana da wuya, ban ce ba ta da wuya ba. An sa mata wuyar ne daidai wuyar ruwan Bana, ba a ƙara ko kaɗan ba.

Aikin farko da anka ba ni da takardata shi ne wancan dalon na Bana, a sake shi daga tushe. Ba a kawo kowa daga Yamai ba. Na tara mutanenmu duka, Hima ya bar kifi ya huta, kifin ma ya huta. Baba ya zo da buhunshi, a takarda yana ƙarƙashina, kuma daga ranar bai sake kirana Mamman ba sai Mushe Shef, musamman in akwai baƙi. Na ba shi kusurwar gabas, na kama ta yamma. Muna cikin aiki, da hantsi, ban san lokacin da abin ya faru ba, sai na tsinci kaina ina goge cokali. Sahuna ya cika, nashi saura, ga dutse a gabana na san fuskarshi na san mazauninshi, ina tsaye ina goge cokalin da ba abin da ya same shi.

Baba bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Hima, ajiye kwanon nan. Je kasuwa ka sayo wa Mushe Shef zana."

Na ɗauki dutsen na ɗora.

Dalon na nan, ta kanshi kunka biyo ranar da kunka je bikin ƙanwar Idi. Gobe ku shiga bayan zanarku ku yi aikinku. Ni dai ba na cikin masu jarrabawa, ina nan gindin bishiyar nan da shayina, ba ku da wanda za ku jira. In kun faɗi, hannunku ne.